Saƙon magani daga Port Môle: ido ba ya gane jabu

Duk wanda ya saba raka baƙo Port Môle a Libreville, inda jiragen ruwa ke ɗaukar fasinja zuwa Port-Gentil, ya san irin saƙonnin da mutanenmu ke bayarwa: goro, kilishi, atamfa, sannan ɗan ƙunshin magani da aka sayo a Kano ko Kwatano don ya fi araha. Wannan ƙunshin ne ke damuna, musamman in maganin ƙanjamau ne ko na ciwon hanta, irin su tenofovir da lamivudine.

Jabun maganin ciwon kai, in ba mai guba ba ne, kuɗi kawai zai cinye maka. Na ƙanjamau da na hanta kuwa kullum ake shan su, shekara da shekaru. In sinadarin da ke ciki bai cika ba, ƙwayar cutar ba za ta kwanta ba, sai ma ta saba da shi, har na gaske ya daina cin ta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci. Kwali da hatimi ba shaida ba ne, ana buga su.

Shaida tana wurin gwajin da ake kira kuromatogirafi, wanda Mikhail Tsvet na Rasha ya faro a 1903. Ɗiga tawada a takarda, ka tsoma gefenta cikin ruwa, za ka ga launuka sun rabu, wani ya yi nisa, wani ya tsaya. Haka ake narka ƙwayar magani, a ɗiga ta kusa da sinadari na ainihi, a duba ko tafiyarsu ɗaya. Akwatin Minilab, wanda mutum zai iya ɗauka a mota, da wannan dabara yake aiki. Yana kama ƙwayar da babu sinadarin magani a cikinta, amma ragin da bai yi yawa ba yakan wuce masa. Nan sai injin HPLC, mai auna adadin daidai, irin wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, ke da shi a Yaba.

Ina roƙon hukumomin Gabon su ajiye akwatin nan da ma'aikaci ƙwararre a Port Môle da tashar jiragen ruwa ta Owendo, abin da aka yi shakkarsa a tura shi babban ɗakin gwaji. Mu kuma, 'yan uwa, mu daina karɓar saƙon maganin da ba mu san kantin da ya fito ba, ko da na mahaifi ne. Mai ciwon ya je asibiti a rubuta masa, ya karɓa a inda ke da lasisi.