Wasiƙa Daga Niyok: Yanka Fili da Haƙƙin Maƙwabci

Ku yi mini afuwa, kwana biyu kun ji ni shiru. Rubutun digirin nan ne ya sha mini kai, ga shi malamin da ke duba aikin nawa ba ya wasa. Masu aiko saƙo suna tambaya ko sanyi ne ya daskarar da ni, to ina nan da raina, alhamdulillahi.

Abin da ya taso da ni yau shi ne maganar filin marigayi Baba. Yaya Babba ya kira ni ya ce shawara ta tsaya a kan a yanka shi gida huɗu. Filin ƙafa 100 ne ta kowace fuska, don haka kowane kaso zai tashi 50 tsawo 50 faɗi. Ya ce tun ba a kafa turke ba maƙwabta sun fara guna-guni, har Kawu yana cewa a dakata. Aka tambayi ra'ayina, na ce a bari in rubuta a nan don kowa ya gani, Yaya kuma ya amince. Dalilina shi ne irin wannan rigima ce na tarar ana yi a birnin nan, kuma na zauna a tsakiyarta.

Da yawanku idan an ce Niyok, dogayen benayen Manhatan kuke hangowa. Ni ma haka na zata kafin in zo a 2022. Ashe akasarin ƙasar birnin ba haka take ba. A gabashin Kwins, da Tsibirin Staten, da wasu sassan Buronks da Buruklin, ƙananan gidaje ne masu hawa ɗaya ko biyu, kowanne da ɗan fili a gaba da baya da garejin mota. Kuma ba haka kawai suka tashi ba, doka ce ta tsara su. Tun 1916 birnin ya yi dokar da ta fayyace abin da za a gina a kowace unguwa, aka sake ta ɗungurungum a 1961. Har kwanan baya akwai unguwannin da dokar ta ce ba za ka gina gida ba sai filinka ya kai murabba'in ƙafa 9,500, wato kusan girman filin Baba, kuma iyali ɗaya tak za su zauna a ciki. Alhali filin da aka saba da shi a tsoffin unguwannin birnin 25 ne faɗi, 100 tsawo. In kun lissafa, daidai yake da kasonmu na 50 da 50.

A shekarun 2000, zamanin magajin gari Bloomberg, 'yan kwangila sun riƙa sayen tsoffin gidaje suna rushewa suna gina biyu ko uku a gurbin ɗaya. Maƙwabta suka tayar da ƙayar baya, hukuma ta saurare su, aka ƙara tsaurara doka a Tsibirin Staten a 2004, da unguwar Bayside ta Kwins a 2005, da wasu da dama. Masu gida suka samu kwanciyar hankali. To amma jama'a ba su daina zuwa ba. Binciken da birnin ya yi a 2023 ya nuna cewa gidajen haya da babu kowa a ciki ba su wuce kashi 1.4 cikin ɗari ba, abin da ba a taɓa gani ba tun 1968. Ni shaida ne. Ɗakin da nake ciki a Kwins na ƙarƙashin ƙasa ne, tagarsa ba ta fi faifai biyu ba, ta nan nake hango ƙafafun masu wucewa. Duk da haka yana cinye fiye da rabin alawus ɗina. Masu tambaya me ya hana in ɗauko uwargida da yara, ga amsarku nan.

Wannan matsi ne ya sa gwamnatin magajin gari na lokacin, Eric Adams, ta fito da wani shiri mai suna City of Yes, kamar a ce birnin da ke amsawa da na'am. Manufar ita ce kowace unguwa ta ɗan matsa kaɗan a samu wurin wasu. A ciki akwai sassauta girman filin da ake buƙata a unguwannin ƙananan gidaje, da bai wa mai gida damar ƙara ɗan sashe guda a bayan gida ko a gareji ko a ƙarƙashin ƙasa, da yarda a gina bene mai hawa 3 zuwa 5 kusa da tashar jirgin ƙasa ko a saman shaguna, da rage tilascin tanadar wurin ajiye mota.

Birnin yana da kwamitocin unguwanni 59, kuma mafi yawansu sun ce ba su yarda ba. Na halarci zaman namu sau ɗaya a 2024, gani ya kori ji. Na zaci masu kuɗi ne kawai za su yi adawa, sai na tarar da tsoffin direbobin bas da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya, baƙaƙe da farare da 'yan Asiya, waɗanda suka shafe shekara talatin suna biyan bashin banki kafin gidan ya zama nasu. Maƙwabcinmu na hagu, wani dattijo, ya ce shi daga cunkoso ya gudo ya sayi gida a nan. Idan aka gina ɗaki a bayan gidan da ke jikin nasa, rana ba za ta ƙara sauka a kan tumatirinsa ba, kuma baƙo zai riƙa leƙen iyalinsa ta taga. Wata mata ta ce yanzu ma sai ta zagaya layi uku kafin ta samu inda za ta ajiye mota. Amma maganar da ta fi ratsa ni ita ce ta ruwa. Fiye da rabin magudanan birnin nan hanya ɗaya suke bi da ruwan sama da na ban ɗaki, kuma duk ƙasar da aka shafe da siminti ta daina shan ruwa, sai ya nufi gidan wanda ke gangare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ban ga laifinsu ba.

Sai dai akwai waɗanda ban gani a zauren ba, wato irina, mazauna ƙarƙashin ƙasa. Wasu suna wurin aiki a lokacin, wasu kuma tsoro suke kada a gane ɗakin da suke ciki ba ya kan doka. Nan ne na rabu da masu adawa. Hana yanka fili a fili bai hana a yanka gida a ɓoye ba. Dubban mutane suna kwana a ɗakunan da hukuma ba ta san da su ba, babu ƙofar gudu, babu mai duba wayar lantarki. A daren 1 ga Satumba 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwan da ya haura inci 3 cikin awa ɗaya, mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a irin waɗannan ɗakuna, akasari a Kwins. Uwar ɗakina ta nuna mini shatin da ruwan ya bari a bango, ya kai mini ƙugu. Kafin nan, a Maris 2007, gobara ta cinye rayuka 10 a wani gida a unguwar Highbridge ta Buronks, 9 yara ne, duk iyalan 'yan'uwanmu 'yan Mali da suka cunkusu a gida ɗaya. Allah ya jiƙansu. To in ana maganar maƙwabta, ai waɗannan ma maƙwabta ne.

A ranar 5 ga Disamba 2024 majalisar birnin ta amince da shirin, ƙuri'a 31 da 20, amma sai da aka rage masa kaifi. Hasashen gidajen da zai samar ya sauko daga kimanin 109,000 zuwa 82,000 cikin shekara 15. Sashen da za a ƙara ba zai wuce murabba'in ƙafa 800 ba, kamar 20 faɗi 40 tsawo, kuma dole mai gidan ya kasance yana zaune a harabar. An hana na ƙarƙashin ƙasa a wuraren da ambaliya ke ci, an kuma keɓe wasu unguwanni daga ginin bayan gida. Aka haɗa da alƙawarin dala biliyan 5, wani kaso na gyaran magudanai. Duk da haka wasu ƙungiyoyin unguwanni sun garzaya kotu a 2025. Masu goyon baya suka ce an yi kaɗan, masu adawa suka ce an yi yawa. Ni a ganina waɗannan sharuɗɗa su ne mafi amfanin abin da ya fito daga rigimar, kuma da maƙwabta ba su yi surutu ba, da ba a sa su ba. Kuma ba Niyok ce ta fara ba. Birnin Houston tun 1998 ya rage mafi ƙarancin fili a tsakiyar gari daga murabba'in ƙafa 5,000 zuwa 1,400, aka gina dubban gidaje, garin bai rushe ba.

Yanzu in dawo gida. Mu a Kano mun san ƙarshen labarin nan ta fuska biyu. Mun ga manyan filayen Nassarawa da Bompai da aka tsara tun zamanin Turawa, gida ɗaya a cikin daji guda, yau an yayyanka su an cika da gidaje. Mun kuma ga unguwannin awon igiya, inda mai gona ke yanka har hanya ya sayar, a wayi gari lungu ba ya ɗaukar motar kashe gobara, kai ko makara sai an karkata ta. Da damina kuwa indararon wannan yana zuba a ɗakin wancan. Matsalar ba ƙanƙantar fili ba ce, gidajen cikin birni da muka taso a ciki ai ba su fi haka ba. Matsalar ita ce yanka ba tare da an bar wa ruwa da mutane hanya ba.

Don haka Yaya, ra'ayina a yanka. Mu takwas ne da Hajiya, babu mai ƙarfin sayen kason sauran, kuma barin fili kango yana tara shara da ɓata-gari ba alheri ba ne ga maƙwabtan ma. Amma ina roƙon abu huɗu. Na farko, a fitar da hanya da kwata tun kafin a raba, ko da kason kowa zai ragu, kada a ce sai an gama gini. Na biyu, a bi ta hukumar tsara birane, a samu takarda, kada a yi awon igiya. Duk mun ga rusau ɗin 2023, rigakafi ya fi magani. Na uku, a rubuta a yarjejeniya cewa duk wanda zai ɗora bene ba zai buɗe taga tana kallon tsakar gidan wani ba, kuma sharaɗin ya bi filin ko an sayar. Na huɗu, kafin mai awo ya zo, Yaya da Kawu su taka ƙafa su shiga zauren kowane maƙwabci, su nuna masa zanen, su ji ta bakinsa. Ba izini za a nema ba, fili namu ne. Amma su ne za su zauna da abin da muka yanke, mu wasunmu muna nesa. Kawu, Allah ya ƙara girma, ina ganin wannan ya biya damuwarku.

Dattijon nan na hagu har yau bai canja ra'ayi ba, ni ma ban canja ba. Amma duk lokacin da aka yi hasashen ruwa mai ƙarfi, shi ne ke fara ƙwanƙwasa mini taga ya ce in hau sama in kwana a falonsa.

A gaishe mini da Hajiya da kyau, a ce mata yajin da ta aiko ya iso. A shafa mini kan yara. Wanda ke da wata shawara dabam ya rubuto a ƙasa, musamman ƙannenmu mata, don kason nasu ne zai fi shiga matsi in ba a yi tsari ba. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku,
Ɗan'uwanku a Niyok