Ruwan Ɗakunan Gwaji na Jami'o'i: Awo Kafin Magani

Duk almajirin da ya fara karatun fiƙihu ya san ana duba halin ruwa da siffofi uku, watau launi da ɗanɗano da wari. Wannan hukuncin tsarki ne, yana nan yadda malamai suka bayyana shi. Amma akwai wata mas'ala dabam, ta lafiyar jiki, wadda ido da harshe da hanci ba su iya yanke ta, domin ruwa yakan fito garau alhali kuwa da dafi a cikinsa.

Irin wannan ruwa yana iya fitowa daga ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i, inda ɗalibai ke wanke kwalabe da kayan aiki bayan darasi. A cikinsa akan sami asid irin na ruwan batir, da ƙwayoyin cuta, da narkakkun ƙarafa kamar dalma da zaiba da kuromiyam, wanda masana'antun jima ke aiki da shi. In an sake shi cikin kwata, ƙarshensa rafi ne ko rijiya ko lambu, daga lambu kuwa sai kasuwa.

Kada a raina ƙanƙantarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 cikin kowace lita. Ma'anarsa, giram ɗaya tak ya isa ya kai lita 100,000 ga wannan iyaka, watau jarka 4,000 mai cin lita 25. Ƙarafan nan kuma ba su ruɓewa, taruwa suke yi a cikin laka da jikin mai rai. A garin Minamata na ƙasar Japan an gano wata cuta a 1956, daga baya ta tabbata zaiba ce daga ruwan wata masana'anta ta shiga kifi, mutane suka ci, wasu suka shanye, wasu suka mutu.

To, mene ne abin yi? Wajibi na farko shi ne awo, tun ba a sayi inji ko an haƙa tafki ba. Akan auna ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa, bisa ma'auni mai hawa daga 0 zuwa 14, wanda 7 ce tsakiyarsa. Akan ajiye samfurinsa kwana 5 a ga yawan iskar da ƙwayoyin halitta suka sha wajen cinye dattinsa. Sa'an nan a nemi kowane ƙarfe da sunansa. Ɗiba sau ɗaya kuwa ba ta wadatarwa, gama ruwan lokacin karatu dabam yake da na lokacin hutu, na sashen haɗa magunguna dabam da na sashen likitanci.

Dalilin gabatar da awo shi ne kowane ciwo da maganinsa. Farar ƙasa tana kashe tsami, tana kuma sa yawancin ƙarafa su kwanta a gindi a kwashe su. Gawayin da aka sarrafa yana kama rini da wasu magunguna. Ƙwayoyin cuta kuwa sai tururi mai zafin digiri 121 ko sinadarin kulorin. Wanda ya tura ruwa mai zaiba cikin tafkin da ƙwayoyin halitta ke tace datti, ya kashe masu yi masa aiki, kuɗinsa ya tafi banza. Sau da yawa ma awon yakan nuna abin da ya fi arha shi ne a tara ragowar mai dafi cikin kwalba tun daga teburin gwaji, kada ta taɓa kwata.

Nijeriya ta kafa hukumar NESREA a 2007 domin tsare dokokin muhalli, amma doka ba ta kama abin da ba a auna ba. Jami'a kuwa ita ke da masanan, ita ke da kayan awon. Ɗan kasuwa ba ya biyan kuɗin hatsi sai mudu ya shiga tsakani. Haƙƙin maƙwabtan jami'a ne, manoma da masu rijiya, su tambayi abin da awon ya nuna, a kuma gaya musu. Haza wassalam.