Inshorar Mota: Arahar Da Wani Ke Biyan Kuɗinta



Wani ɗalibina na ajin manya ya tsayar da ni bayan darasin Isha'i yana murna, wai ya samu takardar inshorar motarsa a naira 5,000 wurin wani ɗan kamasho. Na ce mu duba lambar motar ta wayata a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID. Muka duba, babu ita.

Ya 'yan uwa, tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙaramar motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar wanda aka yi wa ɓarna daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ni ma na yi gunaguni a lokacin, albashin malamin Islamiyya kun san shi. Amma da na yi nazari sai na sauya ra'ayi.

A kasuwar hatsi gasar farashi alheri ce, domin mai saye shi ne mai ci, kuma zai gane tsakuwa idan ya tauna. Wannan inshora ba haka take ba. Direba ne ke biya, amma mai amfana shi ne wanda aka buge, mutumin da ba ya nan ranar ciniki. Direba takardar nuna wa ɗan sanda yake nema, don haka mafi araha zai zaɓa. Wanda ya karya masa farashi kuwa, daga ina zai cike giɓin in ba daga haƙƙin wancan bawan Allah ba?

Saboda haka ina ganin gasar ta koma kan biyan diyya. Hukuma ta riƙa wallafa wa talaka, har da Hausa, yawan buƙatun diyyar da kowane kamfani ya biya da kwanakin da ya ɗauka.

Na san wasunku za su tambayi hukunci. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, ta halatta ta taimakekeniya. Yau muna da kamfanonin takaful masu lasisi, inda rarar asusu ke komawa ga mahalarta. Su ma sunan Larabci kaɗai ba zai wadatar da ni ba, sai na ga yadda suke biya.

Ɗalibin nawa ya koma neman ɗan kamashon washegari. Wayarsa a kashe.