Baƙaƙe Masu Ƙugiya da Ginin Shafin Intanet na Hausa: Aikin Kazaure da Babura

Arewa maso yammacin Jigawa ba ta rasa wuraren horar da magina shafukan intanet ba. A Kazaure akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da Cibiyar Fasahar Sadarwa ta jihar, a Babura kuma an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. A ganina, darasin farko da ya kamata ɗalibin waɗannan wurare ya ƙware a kansa, kafin zaɓen launi ko hoto, shi ne yadda ɓ da ɗ da ƙ za su isa wayar mai karatu lafiya.

Manazarta Hausa sun san cutar. Duk wanda ya taɓa ɗauko tsohuwar maƙala daga intanet ya ci karo da }asa a gurbin ƙasa, ko ]aya a gurbin ɗaya. Dalili shi ne tsofaffin tambarin haruffa irin su Rabi'at sun ɗora baƙaƙe masu ƙugiya a kan maɓallan wasu alamomi. Sun yi wa ɗab'i hidima a zamaninsu, amma da zarar rubutu ya sauka a na'urar da ba ta da tambarin, sai alamar asali ta bayyana. Maganin ba wuya: a rubuta komai da tsarin Unicode, a gina shafi a kan UTF-8, a sanya alamar "ha" da ke shaida wa na'ura harshen shafin, sannan a zaɓi tambari mai ɗauke da baƙaƙen, kamar Noto Sans ko Andika.

Inda na fi ganin sakaci shi ne akwatin bincike. Mai karatu a Roni ko Gwiwa yakan rubuta "kasa" alhali ƙasa yake nufi, domin ba kowa ya saita allon rubutun Hausa a wayarsa ba. Ita kuwa na'ura ba ta ɗaukar ƙ a matsayin 'yar'uwar k. Baƙi biyu take gani da ba ruwan wani da wani. Don haka wajibi ne magini ya haɗa su da hannunsa, ta yadda binciken "kasa" zai fito da kalmomin biyu. Wasu na ganin mafita ita ce a zubar da ƙugiyar gaba ɗaya. Ban yarda ba. Sanarwar da ke cewa "an tarbi baki" ta bar wa mai karatu aikin da marubuci ya guje wa. A sassauta wa mai bincike, a tsaurara wa mai rubutu.

Wasiƙar labarai ta imel kuwa, nauyi ne babban abokin gabarta. Gmail na datse saƙon da ya haura kilobait 102, kuma ɗalibin da ke lallaɓa datarsa ba zai buɗe ragowar ba. A sa muhimmin labari a layin farko, kanun ya zama gajere. A kuma daina turo sanarwa a matsayin hoto: rubutun cikinsa ba ya fitowa a bincike, manhajar da ke karanta wa makafi ma ba ta ganinsa. Kafin a aika wa kowa, a gwada wasiƙar a ƙaramar wayar Android mai araha, a inda sabis ke rawa, a duba ko "ɗalibai" ta fito da ƙugiyarta.