Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Kai Agajin Taɓin Hankali Har Gida

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a, Farfesa Muhammad Ali Pate, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Taɓin hankali idan ya tashi gadan-gadan, a gida yake tashi, galibi cikin dare. Saurayi ya daina barci yana ta sambatu, ko mai jego ta ƙi shayar da jaririnta, ko magidanci ya fara zancen kashe kansa. A karkara iyali kan fara da ruƙiyya da rubutun sha, idan abin ya gagara a koma ga igiya ko mari. Mafi yawan lokaci nisa da rashin kuɗi ne ke jawo haka. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na Arewa suna Kware, Kaduna, Dawanau da Maiduguri, kuma likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Motar haya ba ta ɗaukar mai fizge-fizge, sai an yi shata, an kuma nemi ƙarfafa biyu su riƙe shi.

A shekarar 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, aka kuma rufe irinsa a Daura. Rufewar ta dace, amma buƙatar da ta kai iyaye can tana nan, domin har yanzu babu wanda za su kira ya zo.

Wannan giɓi ayarin ma'aikatan lafiya na tafi-da-gidanka zai cike. Ayarin ƙarami ne: malamin jinya mai horon ƙwaƙwalwa, ma'aikacin lafiya na matakin farko, jami'ar walwalar jama'a da direba, sai likita da ake tuntuɓa ta waya. Idan sun isa, sai su fara da sallama ga mai unguwa, su sallami 'yan kallo, su kwantar da hankalin majinyaci. Daga nan su duba ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko sanƙarau, ko farfaɗiya, ko shaye-shaye, tun da kowanne da maganinsa. Wanda ya kamata a kwantar su kai shi asibiti, saura a ba su magani a gida, a kwance musu mari, a sa ranar dawowa. Mace a cikin ayarin wajibi ce, saboda akwai gidajen da namiji ba ya shiga.

Wannan tsari yana da asali a Najeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyata tare da danginsu a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, suna karɓar magani. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 yana koya wa ma'aikatan matakin farko gano waɗannan cututtuka da kula da su. A Borno ma, malaman jinya na asibitin Maiduguri sun riƙa fita zuwa ƙananan asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira da tallafin hukumar.

Hanyar samun kuɗin tana cikin doka. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2021 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuwa ta kafa asusun lafiya a matakin farko, wanda kashi 5 cikin 100 nasa na agajin gaggawa ne. Mai neman kashe kansa yana cikin halin gaggawa daidai da wanda mota ta buge, don haka yana da haƙƙi a wannan kaso.

Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne kuɗin yau da kullum. Sayen mota sau ɗaya ake yi, amma mai, gyara, alawus da magani kowane wata ake nema. Magungunan farko irin su haloperidol da chlorpromazine tsofaffi ne masu araha, sai dai idan suka yanke ciwon kan dawo, iyali su koma ga mari suna cewa na asibiti bai yi ba. Shirin da ya dogara da ƙungiyoyin agaji kaɗai yakan tsaya ranar da suka tattara kayansu.

Saboda haka ana roƙon Minista abu huɗu. A buɗe asusun lafiyar ƙwaƙwalwa da doka ta tanada, a ba ayarorin layinsu a kasafin kuɗi. A fara da jihohin da rikici ya ɗaiɗaita, kowane asibitin ƙwaƙwalwa ya riƙe ayarorin yankinsa. A haɗa su da lambar gaggawa ta 112, da masu amsa kira cikin harsunan jama'a. A kuma matsa wa Majalisa ta soke hukuncin ɗauri har na shekara ɗaya da sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanada kan yunƙurin kashe kai, domin iyalin da ke tsoron kamu ba za su kira kowa ba.

Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009, lokacin da Minista ke shugabantar hukumar lafiya a matakin farko, ya nuna cewa ma'aikaci na zuwa ƙauye idan an biya shi a kan kari. Ayarorin lafiyar ƙwaƙwalwa ma sharaɗinsu ke nan.

Allah ya yi jagora. Wassalam.