HARAJIN TALAKA DA ALKAWARIN KAMFANI

Jama'a, wannan mako za mu ajiye maganar taki da feshin auduga, mu leƙa wani ɗan gari a ƙasar Amurka. Abin da ya auku can ya shafi gona, ya kuma shafi haraji, saboda haka ba mu fita daga filinmu ba.

Sunan garin Mount Pleasant, cikin Jihar Wiskonsin, kusa da Tafkin Mishigan. Mutanensa ba su cika 30,000 ba. Jihar ta yi suna wajen madara da cuku, bayan garin nan kuwa gonaki ne masu ƙarfi, ana noma masara da waken soya da kabeji.

A watan Yuli 2017 aka yi shela a fadar Shugaba Donald Trump, aka ce kamfanin Foxconn na Taiwan, mai haɗa wayoyin iPhone, zai kafa masana'anta a jihar. Zai zuba dala biliyan 10, biliyan kuwa miliyan dubu ke nan, ya ɗauki ma'aikata har 13,000, a riƙa yin manyan allunan talabijin. Gwamnan jihar na lokacin, Scott Walker, ya yarda a yi wa kamfanin rangwamen haraji na wajen dala biliyan 3. Da watan Oktoba ya kama sai aka ce Mount Pleasant aka zaɓa.

To, ku lura da kalmar nan rangwame. Masu masana'antu a jihar nan da ma kusan ba su biyan harajin riba, don haka babu wani abin da za a rage wa Foxconn. Tsabar kuɗi za a ɗebo daga baitulmali a miƙa masa. Cikin kowace dala 100 da ya biya ma'aikaci, jiha ta mayar masa da 17. Cikin kowace 100 da ya kashe wajen gini da injuna, ta mayar masa da 15. Akawuna, ku ɗauki alƙalami ku raba biliyan 3 ga mutum 13,000, za ku ga kowane ma'aikaci guda ya tashi fiye da dala 200,000. Ofishin lissafi na majalisar jihar da kansa ya ce ko da kome ya tafi daidai, kuɗin ba zai dawo ba sai wajen 2043.

Wannan kason jiha ke nan. Kason garin dabam ne, shi ne kuwa ya fi damuna. Majalisar gari da ta lardinsu, Racine, suka ɗauki nauyin dala miliyan 764, daga baya lissafin ya haura miliyan 900. Ga yadda dabarar ta ke. A can harajin gari a kan gida da gona a ke ɗora shi, gwargwadon darajarsu. Sai gari ya ci bashi tun yanzu, ya sayi filaye, ya ja ruwan famfo, ya yi hanyoyi da magudanu. In kamfani ya yi gini darajar wurin ta tashi, ƙarin harajin da za a samu sai a riƙa biyan bashin da shi, har shekara 30. Watau harajin da ba a karɓa ba tukuna, na ginin da ba a yi ba tukuna, shi aka jinginar. Duk manomin da ya taɓa cin bashin hatsi da bazara don ya biya da kaka ya san irin wannan ciniki, ya kuma san halin da mutum kan shiga in damina ta ƙi.

Waɗansu mutanen garin ba su yi shiru ba. Suka riƙa zuwa zaman majalisa suna tambaya. Don me aka ƙulla maganar a ɓoye, sai da aka gama suka ji? In kamfanin ya fasa, wa zai biya bashin? Da wane dalili za a tashi mutum daga gidansa don a ba wani mai kuɗi wurin? Waɗansunsu suka kai ƙara kotu, ba su ci nasara ba.

Sa'an nan a watan Yuni 2018 majalisar garin ta yi abin da ni, a matsayina na malamin gona, na kasa haɗiyewa. Ta zartar cewa wajen eka 2,800 na wurin lalataccen wuri ne. A dokarsu an tanadi wannan kalma don unguwar da ta zama kango, mai haɗari ga lafiyar jama'a, in kuwa an laƙaba wa wuri ita, hukuma ta sami ikon karɓarsa ko mai shi bai so ba. Gonar da ta ke ba da masara kowace shekara, da gidajen da mutane ke kwana ciki lafiya lau, su aka kira kango. A makarantar aikin gona an koya mana ƙasar sama, wadda shuka ke ci, kaurin inci ɗaya kan ɗauki shekaru ɗaruruwa kafin ya taru. Katafila kuwa yini guda ta ke kankare ta. In an zuba kankare a wuri, ko kamfani ya zo ko bai zo ba, noma ya ƙare a nan. A cikin watan nan Trump ya zo da kansa aka sa harsashi, aka rushe gidaje masu yawa.

Me ya biyo baya? A ƙarshen 2018 sharaɗi ya ce a sami ma'aikata 260, ba su cika ba, jiha ba ta biya ba. Walker kuma ya faɗi zaɓe a shekarar. A watan Oktoba 2020 jiha ta sake ƙin biya, ta ce abin da aka gina ba shi aka yi alkawari ba. A watan Afrilu 2021 sabon gwamna, Tony Evers, ya sake yarjejeniyar. Biliyan 10 ta koma miliyan 672, ma'aikata 13,000 suka koma 1,454, rangwamen kuma ba zai wuce miliyan 80 ba. Allon talabijin ɗin nan kuwa ba a yi shi ba.

Ku dubi bambancin. Jiha ta ce sai ta ga aiki za ta biya, kamar mai gona da ɗan ƙodago, sai an kai kunya ƙarshe a ke ƙirga kuɗi. Shi ya sa yawancin kuɗinta ya tsira. Gari kuwa ya yi cinikin biri a sama, ya kashe nasa tun kafin a kafa inji ko ɗaya. Ni a ganina masu gardamar nan su ke da gaskiya. A ko'ina irinsu a kan ce ba su son ci gaba, alhali tambayar da duk ɗan kasuwa zai yi kafin ya kwance lalitarsa ita suka yi.

Amma fa a faɗi gaskiya. Manoma da yawa sun sayar da son ransu, gama an biya dala 50,000 kowace eka, masu gidaje kuma aka ƙara musu kashi 40 cikin 100 a kan darajar gida. Shugabannin garin kuma sun sa sharaɗi guda mai kyau, cewa daga 2023 Foxconn zai biya haraji kamar ya yi ginin dala biliyan 1.4, ko ya gina ko bai gina ba. Har wa yau a 2023 kamfanin Microsoft ya sayi eka 315 a kan dala miliyan 50, a 2024 ya ce zai kashe biliyan 3.3 wajen gina rumbunan kwamfuta. Masu goyon baya su kan ce to, ga shi hanya da famfo sun jawo wani baƙo. Haka ne. Sai dai babu wanda ya san da zuwan wannan baƙo ran da aka ci bashin, kuma rumbun kwamfuta ba ya cin ma'aikata kamar masana'anta.

Mu nan Nijeriya maganar ba baƙuwa ba ce. A da, dokar 1971 ta ba da damar a yafe wa sabuwar masana'anta harajin riba shekara 3, a iya ƙarawa zuwa 5. Dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamna, in an karɓi gona don amfanin jama'a diyyar shuka da itatuwa da gini a ke biya, ba ta ƙasar kanta ba. Ke nan manominmu bai ma da ƙarfin ciniki irin na manomin Wiskonsin. Saboda haka in aka tara ku gidan hakimi aka ce kamfani na zuwa, ku yi marhabin da shi, amma ku nemi a karanta muku takardar da Hausa. Ku tambayi mutum nawa za a ɗauka, a wace shekara, kuma in ba a ɗauka ba gonar hannun wa za ta koma.

Maƙwabtan Mount Pleasant daga arewa, mutanen wani gari Caledonia, duk abin nan a kan idonsu aka yi. A 2025 Microsoft ya nemi eka 244 a wurinsu don wani rumbun. Suka cika zauren majalisa suka ce ba su yarda ba, a watan Oktoba kamfanin ya janye.

Malamin Gona