Ranar da uwa ke kai jaririnta Tirupati a yi masa aski



Na san ba sai an kwatanta miki haikalin Hindu ba, kin sha ganinsa a fim. Uwa ta hau matakala a guje ba takalmi, ta kaɗa ƙararrawa, ta tsaya gaban gunki tana kuka a kan ɗanta da ke kwance a asibiti. Kafin ki kwashe tuwo yaro ya buɗe ido, an shiga waƙa. Yaranmu na zaune suna kallo tare da mu, kuma ba a rasa mai cewa, "Mama, me take yi?" To fim a nan yake tsayawa, amma ita matar a nan aikinta ya fara. A wajensu irin wannan roƙo da bakance yake tafiya: in yaro ya tashi, ko in an samu haihuwar da aka daɗe ana nema, za a ɗauke shi a kai shi haikali a biya. A kudancin Indiya, wurin da aka fi kai irin wannan bashi shi ne Tirupati.

Tirupati gari ne a jihar Andhra Pradesh, tafiyar awa uku zuwa huɗu a mota daga Chennai, birnin da mutanenmu da yawa ke zuwa neman magani. Haikalin kansa yana can bisa wasu duwatsu bakwai, a wani wuri da ake kira Tirumala. Abin bautar da ke ciki sunansa Benkateswara, suna ɗaukarsa ɗaya daga cikin siffofin Bishnu, amma a bakin jama'a Balaji ne ko Gobinda. Eh, sunan ɗan fim ɗin nan da kika sani, daga irin waɗannan sunaye aka samo shi. A rana ta yau da kullum mutum dubu 60 zuwa dubu 80 ke shiga wurin, in lokacin biki ne kuwa su haura dubu 100.

Shirin tafiyar tun daga gida yake farawa. Ranar da uwa ta yi bakance, takan ƙulle 'yan tsabar kuɗi a ƙyallen da aka rina da kurkum ta ajiye a inda take ibada, ba mai taɓawa sai ranar tafiya. Jaririn kuma ba a sa masa aska ko almakashi. Mu ranar suna wanzami ke zuwa ya sauke gashin ciki. Su sukan bar shi ya yi shekara guda, wani lokaci har uku, ta yadda za ki ga ɗa namiji da gashi har kafaɗa ki ɗauka mace ce. Ana ajiye gashin ne don mai shi, wato Balaji.

Akwai titi mai kyau da motocin haya da ke hawa dutsen. Amma wadda ta yi alkawarin zuwa da ƙafa, da ƙafa za ta je. Babbar hanyar ƙafa tana tashi daga wani wuri a gindin dutsen da ake kira Alipiri, matakala kusan 3,550, kuma galibi ba takalmi ake hawanta. Mai ƙarfi yakan yi awa uku zuwa huɗu. Ki ƙiyasta mai ɗauke da yaro a kafaɗa. Hukumar haikalin tana karɓar jakunkuna a ƙasa ta kai su sama kyauta, an kuma yi wa yawancin hanyar rufi saboda rana da ruwa, amma gwiwa dai ta mai ita ce. Akwai matan da ba su tsaya ga hawa kawai ba: kowace matakala sai sun sunkuya sun ɗiga mata kurkum da jan garin nan da suke sawa a goshi, wasu har su kunna ɗan gutsuren kafur a kai, tun daga ta farko har ta ƙarshe. Shi ya sa gefen matakalar ya rine ja da rawaya. Kusa da ƙarshe akwai wani yanki mai tsananin tsayi da suke kira dutsen gwiwa, wasu da rarrafe suke hawansa. Duk tsawon hanyar kuma ihu ɗaya ake yi, wani ya ɗaga murya ya ce Gobinda, na gaba da na baya su amsa.

Hanyar ta cikin daji ta ratsa. A watan Agusta na 2023 damisa ta ɗauke wata yarinya 'yar shekara 6 da ke tafe da iyayenta a kan wannan hanya, aka tsinci gawarta washegari. Bayan haka hukuma ta hana hawa da ƙananan yara daga ƙarfe 2 na rana, ta kuma fara raba wa mahaya sanduna. An yi ta yi wa hukumar ba'a a kan sandunan, kuma ni ma ban ga abin da sanda za ta yi wa damisa ba. Iyaye dai ba su fasa hawa da 'ya'yansu ba.

In an isa sama, wurin aski ake fara nufa. Babban gini ne da ake kira Kalyanakatta, wanzamai ɗaruruwa ne a ciki, har da mata, ana aiki dare da rana. Ba a biyan ko sisi. Za a ba mutum ɗan kati da sabuwar reza, ya bi lamba ya zauna a ƙasa gaban wanzaminsa, a jiƙa kai da ruwa, cikin 'yan mintoci an gama. Jariri yana kan cinyar uwa ko uba yana tsala ihu, kamar dai namu ranar suna. In an gama a shafe kan da sandal da aka niƙa da ruwa don ya huce, shi ya sa in kin ga hoton iyali da kawuna ƙwal-ƙwal masu launin rawaya, daga can suka fito.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita uwar. Kin san yadda 'yar Indiya take da gashinta, tun tana yarinya ake bi da man kwakwa ana tajewa, wata har ƙugu. Sai ta zauna bayan an gama da yaron, a ɗaure gashin gida biyu, a sauke shi tas. Ba doka ba ce, wasu 'yan siliƙai uku kawai ake yanke musu. Amma wadda ta yi alkawarin kai gaba ɗaya, gaba ɗaya take bayarwa, ta koma gida ta yi shekaru kafin ya dawo. Suna cewa gashi shi ne adon mutum da girman kansa, don haka shi ya fi cancanta a ajiye. Suna kuma da tatsuniyar da ke bayan al'adar: wai wani makiyayi ya taɓa saran Balaji a ka, wurin ya zama sanƙo, sai wata mai suna Nila Debi ta yanki gashinta ta rufe masa, shi kuma ya yi mata alkawarin duk wanda ya zo wurinsa zai biya ta da nasa.

Daga aski sai wanka, wasu a tafkin da ke jikin haikalin, wanda suke ɗauka mai tsarki. Sai a sa kayan gargajiya, mata sari ko riga da wando da mayafi, maza zani ko doguwar riga da wando. Waya da takalmi a waje ake barinsu. Mace kuma ba ta sa fure a kai a bisa dutsen, abin da 'yar kudancin Indiya ba ta rabuwa da shi, don a cewarsu duk furen da ke Tirumala na Balaji ne.

Sannan layi. An gina wasu manyan ɗakuna a jere, ana zuba mutane ɗaki-ɗaki a kulle, in na gaba sun matsa a buɗe musu. Mai layin kyauta yakan yi awa goma, a lokacin cunkoso har kwana guda cur. Mai rupi 300 da ya yanki tikiti ta intanet tun da wuri yakan gama cikin 'yan awoyi. Ana raba abinci da ruwa da madarar yara a cikin ɗakunan, kuma iyayen da ke ɗauke da jaririn da bai kai shekara ba suna da ƙofarsu daban, wanda wannan kam tunani ne mai kyau. Cunkoson ba wasa ba ne: a watan Janairu na 2025 mutum 6 suka mutu a turmutsitsin karɓar tikiti a cikin garin Tirupati.

Me ake jira duk wannan lokaci? Kallo. Suna kiransa darshan, kuma shi ne zuciyar ibadarsu: mutum ya ga abin bautarsa, shi ma ya gan shi. Gunkin na baƙin dutse ne, ya fi mutum tsayi, yana tsaye a wani ɗan ɗaki mai duhu ƙarƙashin hasumiyar da aka lulluɓe da zinariya, fitilun mai kawai ke haska shi. An rufe shi da furanni da gwal, an kuma zana masa farin kafur mai faɗi a goshi wanda ya kusa rufe idanunsa. Su ba sa ɗaukarsa dutse. Kamar sarki mai rai suke yi masa hidima: wajen ƙarfe 3 na dare a tashe shi da waƙa, a kai masa abinci, ranar Juma'a a yi masa wanka, tsakar dare a kwantar da shi. Matar da ta yi shekara tana tari, ta hau matakala dubu uku da ɗoriya, ta ba da gashinta, ta kwana a layi, abin da za ta samu a gabansa bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Ma'aikata na tsaye suna tura mutane suna cewa "jaragandi", wato a matsa gaba da yaren Telugu. Takan ɗaga yaron sama don a gan shi, kafin ta sauke an riga an fitar da ita.

A hanyar fita akwai wata babbar jakar ƙyalle da ake kira hundi, a nan za ta kwance ƙullin nan na kurkum ta jefa. Wasu har da sarƙa da 'yan kunne suke cirewa su jefa. Abin da ake kwasa a rana yakan kai rupi miliyan 30 zuwa 40. Dalilin da suke bayarwa zai ba ki dariya, don ya yi kama da na gida: wai Balaji ya ci bashi wajen Kubera, mai kula da dukiya a imaninsu, don hidimar aurensa da Padmabati, kuma har yau ruwan bashin ake biya. Wasu iyayen kuma sukan ɗora yaro a sikeli su ba da nauyinsa na mazarƙwaila ko shinkafa ko tsabar kuɗi.

Tsarabar Tirupati ita ce laddu, wani dunƙule mai zaƙi da ake yi da garin wani irin wake, man shanu, sukari, yazawa da busasshen inabi. Ana yin dubban ɗaruruwa kullum, kuma tun 2009 doka ta hana wani ya sayar da nasa da sunan na Tirupati. Kowane mai ziyara ana ba shi ɗaya kyauta, ya sayi ƙari ya kai wa dangi da maƙwabta. A wajensu abinci ne da aka fara miƙa wa gunkin. Shi ya sa ƙasar ta ɗauki zafi a watan Satumba na 2024 da babban ministan jihar ya yi zargin an gauraya man shanun da kitsen dabba, magana har Kotun Ƙoli.

Wannan ya kawo ni ga wadda jinya ko karatun ɗa ya kai ta Chennai, maƙwabciya ta ce ta raka ta. Tirumala ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Wanda ba Hindu ba sai ya sa hannu a takarda cewa ya yi imani da Balaji kafin a bar shi ya shiga layi. Gara ki san wannan tun kafin a hau mota, ki ba ta haƙuri cikin mutunci, ta fi kowa sanin nauyin addini. Haka laddun, in an kawo miki tsaraba kin riga kin san asalinsa.

Gashin nan kuwa ba zubar da shi ake yi ba. Ana tattara shi a shanya, a ware shi gwargwadon tsayi, furfura daban, sannan hukumar haikalin ta yi gwanjonsa ta intanet. A wasu shekarun kuɗin ya haura rupi biliyan ɗaya. 'Yan kasuwa na rububinsa saboda daga kai guda aka sauke shi a ɗaure, siliƙan duk suna fuskantar gefe ɗaya, ba ya cukurkuɗewa, kuma yawancinsa bai taɓa ganin rini ko man miƙar da gashi ba. Daga nan sai masana'antun Chennai da Eluru su wanke su gyara, a fitar da shi Sin da Amurka da Turai, a yi hulunan gashi da ƙarin gashi masu tsada, wasu su iso har shagunanmu. Sai dai ba duk abin da mai shago ya ce miki na Indiya ne ya fito daga haikali ba. Mafi yawa wanda ya zube a mataji ne, ana bi gida-gida a ƙauyuka ana saye, a warware shi da hannu a shafa masa sinadari ya yi sheƙi, shi ne wanda ke kanannaɗewa bayan wanki biyu.